Ranar da Na Shiga Gaban Yayana a Dutsen Galibier

Ana idar da sallar asuba muka bar Clichy-sous-Bois, ni da wani abokina ɗan Damagaram, a cikin tsohuwar kamiyonet ɗinsa, 'yar motar kaya da yake raba shadda da atamfa da ita a shagunan Paris. Kekuna biyu na kwance a baya, an ɗaure su da igiyar dila, ga ledar kilishi da dabino da uwargidana ta cusa mana. Tun da na dawo kuke tare ni a ƙofar masallaci da tambaya, wai da gaske ne mun hau dutse da keke, ko dai ƙarin gishiri ne irin na matafiya. To ga labarin nan gaba ɗaya, kowa ya karanta, ku bar bakina ya huta. Cinyoyina ma har yau ba su gama yafe mini ba.

Yayana ne sanadin tafiyar. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ya girme ni nesa ba kusa ba. Shi ya riƙe ni a Maradi bayan rasuwar mahaifinmu, shi kuma ya kawo ni ƙasar nan. Kusan shekara talatin ya yi yana aiki a wata masana'anta a Vénissieux, kusa da Lyon, kuma a keke yake zuwa aiki, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Bana ya yi ritaya, ya yanki tikitin komawa gida gaba ɗaya, a lokacin saura 'yan kwanaki jirginsa ya tashi. Daga tagar ɗakinsa a can saman dogayen benayen Minguettes, in gari ya washe, ana hango duwatsun Alpes farare tas daga gabas. Abokan aikinsa Turawa sun cika masa kunne da labarin wata hanya da ke haurawa ta ƙetare tsakanin kawunan duwatsun, ana ce mata Galibier. Ya ce ba zai koma Maradi a tambaye shi ya ce ta taga ya san su ba. Da ƙafarsa yake so ya hau, kuma in bai hau a wannan karon ba, shi ke nan, ba wata dama.

Da ya kira ni a tarho ya ce in zo mu hau tare, ban ce komai ba sai "to, Yaya", don ban taɓa koyon wata amsar ba. Na sayi keken tsere a kasuwar tsofaffin kaya, na shiga zagaya bakin kanal, wato kogin nan da aka haƙa, duk ranar Lahadi. Bakin kanal kuwa a shimfiɗe yake kamar tabarma, amma a lokacin gani nake na zama gwani. Abokina ya ji labari ya ce atafau ba za a bar shi ba, wai shi da ya yi ƙuruciyarsa yana kai buhun gyaɗa kasuwa a keke cikin rairayi, wane dutse ne zai ba shi tsoro. Har ya je ya sayo ɗan matsattsen wandon nan na masu tsere. Da ya gwada a gida matarsa ta yi salati, sai ya yanke shawarar zai ɗora wandon shadda a kai.

Babbar hanyar Paris zuwa Lyon ba ta da laifi, santsi kamar an goge ta da man shanu, sai dai ba kyauta ba ce. Duk inda muka iso wurin biyan kuɗin hanya sai abokina ya yi tsaki ya ce da wannan kuɗin a gida an cika masa tanki. An riga an girbe alkama, gonaki sun yi ja, an nannaɗe ciyawa manya manya an jera. Muka wuce garken shanu farare masu ƙiba waɗanda ba su da tozo, ba makiyayi ko ɗaya a kansu, sai waya. A wurin hutawa mutane sun cika maƙil, kowa ya ɗauko iyali za a tafi bakin teku, ga karnuka a kujerar baya. Muka leƙa farashin burodi da cuku, muka dubi juna, muka koma mota muka kwance ledar kilishi. Shiga Lyon ne ya ba mu wuya, muka maƙale a cikin ramin nan da hanya ke bi ta ƙarƙashin tudu, hayaƙi ya ishe mu.

Gidan Yaya na tarar kamar ba shi ba. An sauke hotuna daga bango, akwatuna da kwalaye sun kai rufi, an rubuta Maradi a jikin kowanne. Mutane na ta shigowa sallama, 'yan Tawa, 'yan Kwanni, har da wani tsohon Balarabe maƙwabcinsa da ya riƙe hannunsa ya ƙi saki. Kowa ya shigo sai an yi gaisuwa tun daga gajiya har zuwa dabbobin da ba wanda ke da su a nan. Hajiya, matar Yaya, ta tuƙa mana tuwon semo da miyar kuka a tukunya ɗayar da ba ta riga ta ɗaure ba. Ni dai ina ci ina kallon kwalayen nan.

Bayan mun ci sai 'yarsa ta zaunar da mu. A nan aka haife ta, ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Lyon, Hausarta rabi da rabi ce da Faransanci, amma in za ta yi faɗa ba ka rasa gane ko kalma ɗaya. Ita za ta tuƙa kamiyonet ta bi mu. Ta ce likita ya yarda mahaifinta ya hau, amma ba ya tilasta wa zuciyarsa ba. Ta ce duk inda ta tsayar da mu za ta duba bugun hannunsa, in bai yi mata ba, sai mota. Kuma hadari kan taso a kan dutsen bayan azahar, in ya riga mu, nan ma sai mota.

"Tonton, kai ne shaida," ta ce da ni, don haka ake ce wa baffa da Faransanci. "Kada gobe ka ce ba ka ji ba."

Yaya yana gefe yana shafa wa sarƙar kekensa mai, ya yi kamar ba da shi ake ba.

Washegari muka yi sammako. Bayan Chambéry duwatsu suka fara matso mu, hanya ta shiga wani dogon kwari mai suna Maurienne. Ban ɓoye muku ba, ƙasan kwarin bai burge ni ba: kogi mai ruwan toka, masana'antu masu baƙin bango, manyan motoci jere suna nufar Italiya. Amma in ka ɗaga kai sai hularka ta faɗi kafin ka ga ƙarshen dutse. A Saint-Michel muka sayi burodi mai zafi, daga nan hanya ta miƙe sama cikin kurmi tana lanƙwasa. Yaya ya so a fara hawa tun daga nan, 'yarsa ta ce sam, daga ƙauyen sama za mu fara. Duk mai keken da muka wuce yana haki sai Yaya ya juya ya bi shi da kallo ta gilashi yana ƙunƙuni, wai an mai da shi kaya.

Ƙauyen saman shi ne Valloire. Gidajen katako, furanni jajaye a kowace taga, iska mai daɗi kamar an wanke ta. Akwai famfo a tsakiyar gari da ke zuba dare da rana cikin kwamin dutse. Na yi alwala da ruwan, sai da haƙorana suka amsa. A gidan shayi muka tambayi abin ci, matar da ke wurin ta lissafo kala-kala, kowanne in an bi diddigi akwai naman alade a ciki, har da dankali. Muka haƙura da kofi da burodinmu. Tun da aka karya darajar sefa Yaya ya kamu da wata cuta, duk abin da ya saya sai ya ƙara masa sifiri biyu a ka ya ga nawa ne a gida. Ya yi wa kofin nan lissafi, ya ce a Maradi da shi an ciyar da gida guda, sannan ya shanye har ɗigon ƙarshe.

Muka yi bisimilla muka hau. Yaya a gaba, ni a bayansa, abokina a bayana. Ba wanda ya tsara haka, ba wanda ya ma yi tunaninsa. Haka muke tafiya masallaci, haka muke shiga ɗaki, haka muke sa hannu a kwano. Babba na gaba, na baya na bin sa gwargwadon shekaru.

Da farko abin daɗi. Hanya na bin gefen wani rafi mai kumfa, ƙararrawar shanu na tashi daga gangare, ƙamshin ciyawa ko'ina. Wasu dabbobi masu kama da gafiya amma sun fi ta ƙiba suna tsaye a kan duwatsu suna yi mana fito. Masu kekuna na wuce mu ƙungiya ƙungiya, kowa ya ce "bonjour" a gajarce ya yi gaba, mu kuwa da farko har muna ƙoƙarin tambayarsu gajiya. Na lura da wani abu a tafiyarsu. Suna jere ɗaya bayan ɗaya, taya kusa da taya, can sai na gaba ya kauce ya koma baya, wani ya karɓa. Wata ƙungiya ta wuce, wani saurayi a gaba, wani dattijo mai furfura yana biye da shi. Abokina ya ce daga baya, "Ka gani ko? Ba tarbiyya. Yaro ya bar tsoho a baya."

Da muka wuce gidajen ƙarshe itatuwa suka ƙare. Kwarin ya buɗe, ba komai sai ciyawa da tsakuwa da duwatsu tsirara, hanya ta miƙe ɗoɗar tana hawa a hankali. Ni fa a lokacin lafiya lau nake ji. Ƙafa na juyawa, numfashi daidai, har ina raya wa kaina cewa bakin kanal ya yi rana. Amma bayan Yaya da nake kallo ya fara canzawa. Kafaɗunsa suka shiga rangaji, kansa ya sunkuya, rigarsa na kaɗawa kamar tuta. Mutumin da ya fi mu sanin keke nesa, ga shi yana taka feda kamar mai tuƙa tuwon gidan biki. Raina ya ɓaci, na ce a zuci tsufa ya kama Yaya, ba mu sani ba.

'Yarsa ta tsayar da mu a wani fili gefen hanya. Ta kama hannunsa tana duban agogo, fuskarta ba annuri. Ta ce bugun ya yi yawa, in ta sake samun sa haka a tsayawa ta gaba an gama. Yaya ya ci dabino biyu, ya kurɓi ruwa, ya sake hawa. Muka bi shi kamar ɗazu.

Ba mu yi nisa ba gorar ruwansa ta suɓuce ta faɗi. Na tsaya na ɗauka, na taka da ƙarfi na cim masa, na fito ta gefensa don in miƙa masa. Kai jama'a! Ina fita daga bayansa iska ta doke ni a ƙirji kamar na ci karo da ƙofa. Keken ya kusa tsayawa cik. Iska ce mai sanyi ke gangarowa daga kan dutsen kai tsaye cikin fuskarmu, mai ƙarfin gaske, ni kuwa tun da muka fito fili ban ji komai ba sai ɗan shafarta a kunne. Na miƙa masa gorar, na koma bayansa, nan take nauyin ya sauka, ƙafata ta sake yin sauƙi. A nan na gane. Ashe ba ƙarfi ne da ni ba, a laɓe nake. Mu biyu, ƙarti majiya ƙarfi, mun ɓuya a bayan dattijo mai shekara sittin da wani abu, yana sha mana iska, mu muna ganin ladabi muke yi. Saurayin nan da muka zaga ɗazu, ashe tsohonsa yake ɗauke wa wahala.

Za ku ce ai sai in wuce gaba kawai. Wanda ya faɗi haka bai tashi a gidanmu ba. Tun ina yaro ban taɓa taka ƙafa a gaban mutumin nan ba. Ko a lif in mun je shiga sai na ja baya. In na sha gabansa yanzu, a ranar da yake fama, a gaban 'yarsa, me na ce masa ke nan? Na ce masa ka gaza, kauce. Sau biyu ina buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Haka na ci gaba da bin sa, na san abin da nake yi masa, ina jin numfashinsa yana fita da ƙara. Duk tafiyar nan ba inda ya yi mini ɗaci kamar wannan ɗan tsakanin. Na ɗaga kai na ga gajimare ya fara taruwa a bayan kawunan duwatsu, gefensa ya yi duhu.

A ƙarshen kwarin akwai wani wuri da ake kira Plan Lachat, 'yar bukkar shan kofi da ƙaramar gada. Daga nan hanya ke juyawa ta kama jikin dutsen sosai, kana ganinta tana nannaɗewa sama har ta ɓace. Yaya ya sauka da ƙyar ya zauna a kan wani dutse. 'Yarsa ta riƙe hannunsa, ta daɗe, sannan ta girgiza kai.

"Baba, ça suffit. Ka yi ƙoƙari. Shiga mota."

Bai yi musu ba, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Ya dai ɗaga ido yana kallon hanyar. Ban san sa'ad da na jingine kekena na je na durƙusa a gabansa ba.

"Yaya, wata alfarma nake nema."

"Ina jin ka."

"Ka yi mini izini in shiga gaba. Iskar nan, kai kaɗai ke shan ta tun ɗazu. Wallahi ban sani ba sai da na miƙo maka gora."

Ya ƙura mini ido, har na fara da-na-sanin buɗe baki. Can sai kafaɗunsa suka fara motsi, ashe dariya ce, ga ba numfashin yin ta.

"Tun da muka fito fili nake addu'a Allah ya sa ɗayanku ya yi rashin kunya," ya ce. "Na haɗu da masu ladabi har biyu."

"To Yaya, me ya hana ka faɗa?"

"Da bakina zan ce ƙanena ya zo ya tare mini iska? Haba."

'Yarsa ta dafe kai da hannu biyu, ta zuba mana Faransanci mai zafi wanda ba zan maimaita ba, ma'anarsa dai ba ta taɓa ganin mutane irinmu ba, za mu kashe juna da girmamawa. Amma ta bar shi ya huta sosai, ta ba shi shayi mai sukari, ta sake duba hannun. Ta dubi hadarin, ta dube ni. Ta ce dama ɗaya ce, kuma in ta ga ya fito daga bayana ko sau ɗaya, ni ma sai na shiga motar.

Haka na hau keke na shiga gaban Yayana, gabana na faɗuwa kamar na yi sata. Abokina ya tsaya ta gefen da iska ke bugowa, muka sa Yaya a lungu. Nan na san abin da ake kira Galibier. Hanya ta miƙe tsaye, na sa giya mafi sauƙi ina neman wata babu. A kowace kwana iska na sauya gefe, wani lokaci ta tura ka, kana juyawa ta dawo maka a fuska. Ba na iya waiwaye, don haka da kunne nake tuƙi, ina sauraron numfashinsa. Shi kuwa ya samu abin yi. "Sassauta." "Matsa dama kaɗan." "Kai, ba tsere muke ba." Muryarsa na dawowa daidai a hankali, har ta kai yana yi mini gyaran zama a kan sirdi. Ban taɓa jin daɗin faɗansa irin na ranar ba.

Da ƙirjina ya fara zafi sai abokina ya karɓi gaba, na koma gefe. A nan wandon shadda ya nuna halinsa, iska ta cika shi ya kumbura kamar salka. Da muka tsaya shan ruwa ya waiga hagu da dama, ya tuɓe shi ya jefa cikin mota, ya ce duk wanda ya kai labari Paris bai yafe ba. To ga shi na kai. Muka wuce wasu bukkokin dutse inda ake sayar da cuku, ƙamshinsa har hanya. Sama kaɗan ciyawa ma ta ƙare, sai baƙin dutse da ragowar ƙanƙara a kwance cikin lunguna, a tsakiyar bazara. Iskar wurin ba ta ƙosar da huhu, kana ja kamar ba ka ja ba. A jikin kwalta an rubuta sunayen 'yan tsere da farin fenti, muna bi ta kansu a hankali kamar masu neman allura. 'Yar Yaya ta tare mu sau ɗaya, ta duba hannunsa, ta sake shi, ta koma mota. Muka ci gaba da hawa.

Hawan ƙarshe shi ne mafi tsanani, kuma ni ke gaba. Ina hango allon da ke kan ƙololuwa da mutane tsaitsaye. Tun daga ƙasa na ƙudura a raina cewa in mun kusa zan kauce, Yaya ya fara isa, don tafiyarsa ce, mu rakiya muka yi. Na fara jan keke gefe ina rage taki.

"Kada ka kuskura!" ya daka mini tsawa. "In ka tsaya faɗuwa zan yi. Wuce!"

Na wuce. Ni na fara taka kan Galibier, tayar Yaya na shafar tawa, abokina na biye yana kiran sunayen Allah ɗaya bayan ɗaya.

Yaya bai sauka nan da nan ba. Ya dafa ƙafa ƙasa, ya kifa goshi a kan ƙahon keke, ya daɗe a haka. 'Yarsa ta zo da gudu ta lulluɓa masa bargo, ta kama hannunsa wai za ta duba, sai kawai ta rungume shi tana kuka. Allon ya ce mun haura mita dubu biyu da ɗari shida. Ta kudu ga wasu duwatsu masu ƙanƙara sun tokare sama, kusa kamar ka miƙa hannu, ta arewa ga hanyar da muka biyo ta zama zare. Da ya samu numfashi sai ya juya yamma ya kare ido da hannu, wai yana neman benensu. Ba abin da ake gani sai dutse bayan dutse. Ya ce, "Ikon Allah. Ina can ina kallonsu kullum, su ba su ma san da ni ba." Ya yi dariya, ya share ido da gefen bargo. Wani Bature ɗan Italiya ya ɗauke mu hoto, muka ba shi kilishi, ya ci yana hawaye saboda yaji yana neman ƙari. Muka sami bayan wani dutse muka yi azahar da la'asar a haɗe, sanyi na kaɗa mu.

Muna sallamewa aka fara yayyafi da 'yan ƙanƙara. Na ɗauka za a sha daga da Yaya kan saukowa, sai na ga shi ya fara ɗora kekensa a mota. Ya ce shi hawa ya yi alkawari, bai yi da kowa zai sauka ba. Kafin mu kai Valloire ya yi barci, kansa a kafaɗata, abin da bai taɓa faruwa ba tun da nake. Ban motsa ba har Chambéry, hannuna ya mutu murus.

Mun kwana Vénissieux, washegari muka kamo hanyar Paris, kowa na fitowa daga mota kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Ranar tafiyarsu Yaya da Hajiya suka iso ta jirgin ƙasa, na kai su filin jirgi. Keken ma ya tafi, an naɗe shi cikin kwali. A bakin ƙofar shiga na ja baya kamar kullum, ya wuce, ya juyo ya riƙe hannuna ya ce in kula da yara. Na ɗaga masa kai.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba mai yawa ba ne. In za ku je, ku tafi da rigar sanyi ko da ana zafi a ƙasa, ku tafi da abincinku, kada kuma ku yarda da bakin kanal. Sauran kuwa, ni dai shekara arba'in da 'yan kai ina bin bayan mutum, ina jin daɗin tafiya, ban taɓa tambayar me ke bugunsa a can gaba ba. Ban daina ganin girman babba a gaba ba, haka aka haife mu, haka za mu mutu. Sai dai yanzu in na ga dattijo ya yi shiru yana rangaji, na san akwai abin da bakinsa ba zai iya roƙa ba.

Shekaranjiya da yamma tarho ya yi ƙara, 'yar Yaya ce daga Lyon. Ta gaishe ni da Hausa tiryan-tiryan har da tambayar gajiya, abin da ba ta saba ba, na san da magana. Ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce akwai wani yaro ɗan Tawa da suke aiki tare, manyansa na so su zo gaisuwa.

Na ce, "Madalla. Bari in kira Yaya in ji abin da zai ce."

Ta ce, "Tonton, na riga na kira shi. Ya ce kai za su gani."

Na tsaya riƙe da kan tarho, na waiga, ba kowa a ɗakin sai ni. Na gyara murya na ce ta gaya musu su zo ranar Asabar bayan la'asar.